Me Ya Sa Kafso Ya Daina Ci?

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, na Birni da Zango da Garin Malam, da na Mirya, Magarya, Matamaye, Dungas, Gure har Tanut. Barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na kiwon lafiya. Wanda ke kwance a gida ko a gidan likita, Allah ya ba shi sauƙi, ya sa kaffara ce.

Yau za mu tattauna a kan wani kuka da ya yi yawa a bakin mutane. Sai ka ji dattijo yana cewa, "Maganin yanzu ba shi da ƙarfi. Da can kafso biyu ke tayar da mutum, yau sai ka shanye kati guda ciwo na nan daram." Wata kuma ta ce, "Ni dai amoksi ya daina ci na, jikina ya saba da shi." Akwai gaskiya a cikin kukan, domin magunguna da yawa sun daina aiki kamar da. Abin da za mu bi diddigi shi ne dalili, da kuma hannun wa da wa ke ciki.

Manya daga cikinmu sun san nivakin. Shekara da shekaru ita ce maganin masassara a kowane gida, ɗacinta ma abin labari ne. Sannu a hankali aka ga yaro ya sha ta daidai amma zazzaɓi bai sauka ba, har a shekarar 2005 Nijar ta canja zuwa sababbin magungunan haɗi da ake bayarwa yanzu. Nivakin ba ta lalace a cikin kwalba ba. Ƙwayar cutar da sauro ke ɗauke da ita ce ta samu hanyar tsere mata. Abin da ya faru da nivakin shi ne yake faruwa yau da wani rukunin magani da ya fi ta faɗi, wanda ma'aikatan lafiya ke kira antibiyotik: amoksisilin, ampisilin, tetirasiklin wato kafso mai ja da rawaya, Bactrim, Flagyl, sipro, da allurar seftiriyakzon.

Aikin waɗannan magunguna guda ne: kashe ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. Su ne ke kawo taifot, sanƙarau, mashaƙo, tarin fuka, atuni, ciwon sanyin mara, da ruɓar rauni. Akwai kuma wasu ƙwayoyin da suka fi su ƙanƙanta, ana ce musu bairos, su ke kawo mura, ƙyanda, yawancin tarin lokacin hunturu, da yawancin zawon ruwa na yara. Antibiyotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Masassarar cizon sauro ita ma ƙwayarta daban, maganinta daban. To wanda ya sha amoksi don mura, mura za ta yi kwanakinta ta tafi, ko ya sha ko bai sha ba. Sai dai shan nan ba ya tafiya a banza, yana barin ɓarna a baya.

Ga yadda ɓarnar take. Cikin kowane ɗayanmu, har mai ƙoshin lafiya, akwai bakteriya da ba su ƙirguwa, a hanji da maƙogwaro da fata. Yawancinsu ba sa cutar da mu, wasu ma taimakonmu suke yi. Duk lokacin da antibiyotik ya shiga jiki, kamar mace ce ta zuba gari a rariya: mai laushi ya wuce, tsaki ya tsaya. Masu rauni sun mutu, 'yan kaɗan masu taurin kai sun rage, kuma fili ya zama nasu. Wasu bakteriyar kan rabu biyu duk minti 20 idan sun samu wuri, saboda haka kafin gari ya waye tsakin nan ya zama jama'a. Abin da ya fi tayar da hankali, suna iya miƙa wa junansu dabarar jure wa magani, ko da ba jinsi ɗaya ba ne. Daga nan sai su bi bayan gida, da hannun da ba a wanke ba, da ruwan sha, da ƙuda, su shiga jikin wanda bai taɓa haɗiyar kafso ba. Kun ji ke nan, jikin mutum ba ya sabawa da magani. Ƙwayar cutar ce ke canjawa, kuma idan ta canja, ta canja wa unguwa duka.

Wanda ya gano penisilin, Alexander Fleming, ya gano ta ne a wani asibitin birnin Landan a 1928. A 1945, lokacin da ya karɓi kyautar Nobel, ya yi gargaɗi cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi maganin a kanti, ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayar cuta jure masa. Lokacin ya zo. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 sun mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani. Da aka auna da yawan jama'a, yankin da ya fi kowane yanki na duniya asara shi ne namu, Afirka ta Yamma: kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000.

Kada wani ya ce wannan lissafin Turawa ne. A nan maƙwabta, a Maraɗi, an duba bayan gidan yara 55 da aka kwantar a cibiyar kula da tamowa, aka buga sakamakon a 2011. Tun ranar da aka kawo su, 17 na ɗauke da bakteriyar hanji mai karya ƙarfin seftiriyakzon da danginta. Cikin yara 16 da suka zo ba su da ita kuma aka sake duba su ranar sallama, 15 sun kwashe ta. Shekaru fiye da 10 ke nan da wannan awo, kuma tsakanin Maraɗi da Damagaram mota ce ke kai da kawo kullum.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan magungunan antibiyotik da dalilin da ya sa suke daina ci. Bari mu leƙa inda abin ke farawa.

Ku tsaya a kowace tasha ko bakin kasuwa da rana tsaka. Ga yaro da faranti a ka, an jera katunan magani an ɗaure da roba, rana ta dake su tun safe har launin kwalin ya koɗe. Mai kabu-kabu ya tsaya, ya ce, "Cikina ke murɗawa, ba ni na dala ashirin." Yaron ya ciro almakashi ya yanko kafso biyu daga wannan kati, ƙwaya ɗaya daga wancan, ya ƙulla a leda. Mutumin ya kora da ruwan leda ya hau babur. Ba wanda ya tambayi tun yaushe cikin ke ciwo, ba wanda ya san ranar da maganin zai lalace, mai sayarwa bai iya karanta sunan abin da ya yanko ba. Kafso biyu ba sa warkar da taifot, amma sun isa su tankaɗe hanjin mutum su bar masu taurin kai.

A kan wannan kuma ga matsalar jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa cikin kowane magani 10 da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, 1 jabu ne ko bai kai inganci ba. Kafson da aka zuba masa rabin sinadari ya fi na alli zalla haɗari ta wannan fuska, domin yana taɓa ƙwayar cuta bai kashe ta ba. Mun san abin da ke kai mutane ga faranti: kusa yake, yana sayar da ƙwaya ɗaiɗai, har bashi yana bayarwa, alhali gidan likita na iya zama tafiyar rabin yini a amalanke. Ba mu raina wannan uzuri ba. Amma arha ba ta ado, kuma wanda ya ɓata kwana 10 yana shan na faranti, ranar da aka kai shi Babban Asibitin Damagaram kuɗin da za a kashe ya ninka.

Taifot ta ishe mu misali. Idan ba a yi mata magani daidai ba, cikin mako na biyu ko na uku tana iya huda hanji, kuma masu fiɗa a asibitocinmu sun saba karɓar yara da ciki a kumbure saboda haka. A ƙasar Pakistan, tun 2016 aka samu taifot da ta bijire wa manyan magunguna biyar a jere, har da sipro da seftiriyakzon, ya zama na sha guda ɗaya ya rage mai ci. Mu kuwa a nan duk zazzaɓin da ya wuce kwana uku sai a ce "taifot da maleriya ne", a haɗa wa mutum sipro. Awon jinin nan na Widal da ake dogara da shi yana yawan nuna taifot a jikin wanda ba shi da ita, don haka shi kaɗai bai isa hujja ba.

Yanzu sai mu juya ga masu farar riga, majo-majo na gidajen likita na CSI, ungozomomi, masu kula da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, da likitoci. Ranku ya daɗe, alƙalamin ardanansi, wato takardar magani, a hannunku yake, kuma mun san matsin da kuke ciki. Uwa ta taso tun asuba da goyo, ta bi layi, an duba yaro an ce mura ce. Ta ce, "Haba majo, duk wannan tafiyar sai farasetamol? A rubuta mini siro mai ƙarfi, ko a yi masa allura." Bayanta mutum 60 na jira. Rubuta amoksi ya fi sauƙi, minti ɗaya an rabu lafiya. Amma aikin da kuka koya ya wuce haka, kuma ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A ɗaga rigar yaro, a duba agogo, a ƙirga numfashi na minti guda. Ɗan wata 2 zuwa 11, idan ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5, idan ya kai 40, ko kuma ƙirji na faɗawa ciki, to ciwon huhu ne, amoksisilin haƙƙinsa ne, a ba shi daidai nauyinsa. Idan babu wannan, a yi awon masassara na ɗan yatsa. Zawon ruwa, maganinsa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Sai an ga jini a bayan gida ake maganar antibiyotik. Sannan a ɗauki minti biyu a gaya wa uwar abin da aka gani, da alamomin da in ta gan su za ta dawo ko da tsakar dare ne: yaro ya ƙi nono, yana amai da komai, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Uwar da aka yi wa bayani da mutunci ba kasafai take zarcewa wurin mai faranti ba.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan nan gida uku don sauƙaƙa wa mai rubutawa. Gidan farko na yau da kullum ne, irin su amoksisilin, su ake fara ɗauka. Gida na biyu na taka-tsantsan ne, ciki har da sipro, azitiromisin da seftiriyakzon. Na uku ajiya ne, ba a taɓa shi sai komai ya gaza. A watan Satumba na 2024, ƙasashen duniya sun amince a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibiyotik da mutane ke sha ya fito daga gidan farko.

Me ya sa muke kishin seftiriyakzon? Ku tuna sanƙarau da ya ɓarke a jiharmu. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, an lissafa mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Allurar da aka yi wa sauran suka tashi ita ce seftiriyakzon. Tana kuma cikin waɗanda ake ɗauka wa jariri sabon haihuwa ko mai jego idan cuta ta shiga jini. Alhamdu lillahi har yanzu tana cin ƙwayar sanƙarau, amma kun ji abin da aka gani a Maraɗi game da ƙwayoyin hanji. Duk wanda ke tsira wa mutane ita a ɗakin gida don ciwon jiki ko gajiya, ƙarfinta yake ragewa, kuma magungunan da ke bayanta tsadarsu ta fi ƙarfin talaka, ba a kuma samun su ko'ina.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Kada a fahimce mu a karkace. Ba cewa muke a guji magani ba. A ƙasarmu yaran da ke mutuwa don ba su samu antibiyotik a kan lokaci ba suna da yawa ƙwarai. Lokacin da mashaƙo ya ɓulla a Matamaye a 2023, antibiyotik na cikin abin da aka ceci rayuka da shi. Magana ita ce a auna riba da hasara, kuma a nan Nijar aka yi wasu daga cikin manyan gwaje-gwajen da duniya ke kafa hujja da su.

A Madarunfa, tsakanin 2012 da 2013, an bi yara kimanin 2,400 masu tamowa mai tsanani wadda ba ta haɗu da wani ciwo ba. Rabi an ba su amoksisilin, rabi an ba su abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki. Wajen murmurewa kusan kunnen doki aka yi, kimanin 66 cikin 100 a nan, 63 a can, ko da yake waɗanda suka sha maganin ba a kai su kwanciya asibiti da yawa kamar sauran ba. Da aka duba bayan gidansu, sai aka tarar waɗanda suka sha sun fi kwasar bakteriya mai taurin kai. A jihar Doso kuma, an riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 azitiromisin sau biyu a shekara, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mace-macen yara sun ragu da kashi 18 cikin 100. Wannan babbar riba ce. Amma a garuruwan nan an ga ƙwayoyin da ke jure wa dangin maganin sun ƙaru. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da irin wannan rabo bisa sharaɗi: sai inda mutuwar yara ta yi yawa, kuma sai ana bibiya ana awo.

Darasin a fili yake. Ko a hannun masana, da lissafi da awo, kowace ƙwayar antibiyotik tana da farashin da ake biya daga baya. Idan an biya shi don ceton ran yaro, ya cancanta. Saboda haka idan ma'aikatan lafiya suka zo rabo da izinin hukuma, ko aka ba ɗanki amoksi a cibiyar tamowa, ki karɓa ki ba shi yadda aka ce. Wanda ba shi da hujja shi ne a biya wannan farashi don mura, ko don abin da ake kira wankin ciki, ko mace ta riƙa shan Flagyl da kafso duk bayan al'ada wai maganin sanyi, ba tare da an duba ta ba.

Makiyaya da masu kiwo, ku ma da ku ake. Allurar teramisin da ake tsira wa saniya ko rago da an ga ya yi sanyi, da kafson da ake fasawa a ruwan kaji, dangin maganin mutane ne. Ƙwayar da ta koyi jure masa a garke tana iya isowa gida ta kashin dabba, da nono, da nama. Kowace kwalba akwai kwanakin jira a rubuce, waɗanda ba a shan nonon dabbar ba a kuma yanka ta sai sun cika. A nemi malamin dabbobi ya duba, ya faɗi ƙima da kwanakin.

To me ya rage a hannunmu? Kada a sha antibiyotik sai ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta. A saya a farmasi mai izini. A sha daidai ƙima, daidai lokaci, daidai kwanakin da aka faɗa, ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. Ragowar siron wa ba na ƙane ba ne, kuma siron da aka riga aka dama da ruwa ba ya jimawa, balle a zafin bazara. Mai tarin fuka ya cika watanninsa 6 cur, domin wanda ya yanke a tsakiya yana iya gamuwa da irin da ba ta jin maganin farko. In an sha magani kwana biyu ko uku ba sauƙi, a koma wurin wanda ya rubuta, kada a ƙara wani a kai.

Sannan rigakafi ya fi magani. Tun da aka fara sabuwar allurar rigakafin sanƙarau nau'in A a 2010, wannan nau'in da ke kwashe dubbai ya kusan ɓacewa a yankinmu. Yaron da aka yi wa allurarsa cikakkiya, aka shayar da shi nono zalla wata 6, ana wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci, gidan kuma akwai masai, ba kasafai zai buƙaci antibiyotik ba.

Muna roƙon iyayen ƙasa, tun daga fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram har hakimai da masu unguwanni, da limamai a huɗubar Juma'a, da shugabannin 'yan kasuwa, su sa baki a wannan magana kamar yadda suka sa a maganar rigakafi. Kowace shekara, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, duniya na ware mako don faɗakarwa a kanta, amma mai faranti kullum yana tasha, don haka tunatarwa ma ta zama ta kullum. Hukuma kuma ta tabbata CSI ba ya rasa amoksisilin da kayan awo, domin ranar da uwa ta je aka ce babu, mun san inda za ta nufa.

Iyayenmu mata, ke da aka ce wa ɗanki mura ce, a ba shi ruwa da nono da farasetamol a sa ido, kada ki ce majo ya yi miki rowa. Ya duba ne ya ga bai buƙata, kuma ya adana maganin don ranar da zai buƙace shi da gaske.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)